Zuwa ga Sarkin Noman Finiks, Mai 'Ya'ya Bakwai

Ɗan Gwaggo, gaisuwa irin ta taubashi, wadda ba a cire mata takalmi. Na ga hotunan. Duk goma sha tara na gani, har da wanda babban yatsanka ya rufe rabinsa, da wanda ka tsaya gefen bishiyar ka riƙe ƙugu kana washe baki kamar sabon alhaji mai nuna haƙorin Makka. Na ƙirga 'ya'yan, na ɗauko tabarau na sake ƙirgawa. Bakwai ne. Shekara bakwai, 'ya'ya bakwai. To barka, Allah ya raya. In an sa ranar suna ka faɗa da wuri, mu nemo maroƙi.

Da na kai wa Gwaggo wayar ta kanne ido ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan wace irin fiya ce mai wuya kamar ɗan gora?" Sai da na zauna na yi mata bayani, kai kuwa kana can kana minshari, don kuna bayanmu da awa takwas ko a agogo. Na ce mata abin da mu muke kira fiya, koriyar nan mai ƙaton ƙwallo da ake kawowa 'Yan Lemo daga Jos da Mambila a shafa a burodi, ba ita ba ce. Waccan asalinta Meziko, kuma ko kusurwar alkali ba ta haɗa su da taka ba, suna kawai suka yi tarayya a bakin Bature. Taka 'yar'uwar tuffa ce, 'yar ƙasar sanyi, irin wadda ake nomawa a jihohin Washintan da Oregon, inda mutum ke fita da safe yana fitar da hayaƙi ta baki. Na ƙara mata da cewa akwai ma ta uku, wata mai faffaɗan ganye kamar tafin hannu, ƙaya ta ko'ina, 'ya'yanta ja, wadda su Turawan ita ma fiya suke ce mata, kuma tana nan jikin katangarka ta fito da kanta ba wanda ya gayyace ta. Fiya uku ke nan. Ɗaya tana yi a garinku ko an kore ta, ɗaya sai da lallami, ɗaya kuwa ko sunan garin ba ta son ji. Na ce Gwaggo, cinka mini wadda ɗanki ya zaɓa. Ba ta ce komai ba, goronta kawai ta ɓantara.

Ni tun ranar da ka tafi na san za a rina. Ka tuna hidimar da aka yi? An ce Ɗan Gwaggo ya samu Amurka, aka tura ni Ƙofar Wambai na ɗauko maka rigar sanyi biyu ta gwanjo, da safar hannu, da wata hula mai kunnuwa wadda ta mayar da kai kamar ɗan akuya. Gwaggo ta ɗora bargo a kai. Duk Gumel an san ka tafi ƙasar ƙanƙara. Amurka kuwa jiha hamsin gare ta, wasu ma in ka watsa ruwa a lokacin sanyi kafin ya sauka ya daskare. Amma da yake kai ne, sai ka ratsa su duka ka sauka Arizona, ka kuma zaɓi Finiks. An gudu daga gara an faɗa wa zago.

Ai ko sunan garin ya isa ya ba mai hankali tsoro. Finiks wani tsuntsu ne a tatsuniyar mutanen da, wanda aikinsa ke nan ya kama da wuta ya ƙone ƙurmus ya sake tasowa daga toka. Kogin da ya ratsa garin kuma sunansa Kogin Gishiri. Wato an rubuta maka a allo tun daga bakin gari: sama wuta, ƙasa gishiri. Ruwan da ke sauka muku a shekara bai fi milimita 180 da 'yan kai ba, ko sulusin na Kano bai kai ba. Ranar 26 ga Yunin 1990 zafi ya buga digiri 50 cif, har jirage suka dakata da tashi a filin jirgin garin. Mu nan in watan Afrilu ya kai mu arba'in da biyu sai a fara zancen tashin duniya a majalisa. Kai kuwa ka dubi wannan murhu, ka shafa gemun da bai gama fitowa ba, ka ce, "Nan ya dace da lambu."

Kada ka ɓata rai, ban ce ba a noma a wurin ba. An yi, tun kafin a haifi kakan kakan Bature a nahiyar. Mutanen Hohokam sun haƙa magudanan ruwa na ɗaruruwan kilomita da hannu daga wannan kogi, suka yi ta noman masara da wake da kabewa da auduga har wajen shekarar 1450, kuma bin sawun tsofaffin magudanansu aka yi aka kafa garin da kake ciki. Masara, wake, kabewa, auduga. Ka ji abin da masu hankali ke shukawa a hamada. Fiya ko labarinta ba su taɓa ji ba, Allah ya hutar da su.

Mu dawo kan uwargida, Allah ya jiƙan rai. Ita ce bishiyarka ta fari, wadda ka shiga wani babban kanti ka gani da hoton 'ya'ya rawaya shar a wuyanta, ka ɗauko ba ka tambayi kowa ba. Bartlett sunanta, 'yar babban gida, asalinta Ingila tun ƙarni na 18, a can Williams ake ce mata. Ka kira ni da biyun dare, kai a wurinka magariba ko yi ba ta yi ba, kana cewa nan da shekara uku za ka turo mana kwando. Kallon kitse ka yi wa rogo.

Abin da ba ka sani ba, kuma da ka tambayi ko da tsohuwar nan maƙwabciyarka mai karnuka da ta gaya maka kyauta, shi ne ita wannan bishiya 'yar lissafi ce. In sanyi ya shigo sai ta zubar da ganye ta kwanta barci, kuma tana barcin tana ƙirga awowi. Ba kowace awa take sawa a lissafi ba, sai wadda sanyi ya sauka tsakanin sifili da digiri 7. Irin su Bartlett sai sun tara awa 600 zuwa 800 kafin su yarda an kwana. Kwarin da Finiks take kuwa abin da yake iya bayarwa a shekara bai wuce awa 300 zuwa 400 ba, a tsakiyar gari ma inda kwalta da siminti ke riƙe zafin rana su yi ta amayo shi da dare, bai kai hakan ba. To in bazara ta zo barci bai ishe ta ba, sai ta tashi a gigice: wannan reshe ya yi toho, wancan yana nan kamar busasshe, fure ɗaya yau, biyu bayan mako uku, su bushe su zube. Ka san wa ta tuna mini? Wani yaro da ake tasa da asuba zuwa makarantar allo, ya tashi ido ɗaya a buɗe ɗaya a rufe, ya sa riga a bai-bai, ya je ya jingina da bangon zaure ya ƙarasa. Ba zan faɗi sunansa ba. Uwarsa dai ƙanwar babana ce.

Shekara uku kana turo mini hoton fure kana cewa bana ce bana ce. Ni kuwa nakan amsa da "Masha Allah" kawai, don na ga Bahaushe ya riga ni magana: ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.

Da ka gano zancen sanyin ne ka yi abin da har na mutu ba zan manta ba. Ka ce tunda sanyi take so za ka ba ta sanyi. Ka dinga sayen ƙanƙara leda-leda kana juye mata a gindi kowane dare, kamar mai sayar da zoɓo a bakin tasha. Ɗan Gwaggo, kai fa mai digiri biyu ne. Ita bishiya da idanun tohonta da ke jikin rassa take jin sanyi, iskar da ke kaɗa su take aunawa. Kai kuma ka bi saiwa da ƙanƙara. Daidai yake da mai ciwon kai ya shafa mentilatum a diddige. Na ba da labarin nan a majalisar mai shayi, wani ya ƙware da ruwan Lipton har sai da aka bubbuga masa baya.

Ramin ma da ka haƙa mata labari ne. Ka ce ka sa shebur, taku biyu sai ka ji ƙau, kamar ka sari dutse. Wannan shi ne abin da suke kira kalici, wani farin fako na alli da ya dunƙule a ƙarƙashin ƙasar hamadar ya zama kamar daɓen siminti. Saiwa ba ta huda shi, ruwa ba ya wuce shi. In ka dasa bishiya a kansa ka dasa ta a cikin kwarya: ka yi ban ruwa, ruwan ya tsaya, saiwar ta ruɓe a tsakiyar hamada don yawan ruwa. Masu abin sukan cika ramin da ruwa su ga ko zai tsotse, in ya kwana yana kallonsu sai su huda fakon har su tarar da ƙasa mai sha. Kai ka karya ƙotar diga, ka je ka yi hayar injin nan mai fasa kwalta, ka wuni kana karkarwa a kansa. Kai! Kai da in damina ta faɗi Kawunka ya ce a fito gona, nan take ciwon ciki ke murɗe ka, ba ya saki sai an sauke tuwo. Baba da na gaya masa sai ya yi shiru, can ya ce, "Ashe yaron nan yana da ƙashin baya. Dala ce ba mu biya shi da ita ba."

Sai kuma ganye ya fara zama ruwan ɗorawa, jijiyoyinsa kaɗai suka rage kore. Ka kira ni kana cewa ko sammu ne. Wa zai tsallaka teku ya sammaci bishiyar da ba ta haihuwa? Ƙasarku ce mai kanwa. Ƙarfen da tsiro ke bukata yana nan a cikinta jingim, amma kanwar ta ɗaure shi saiwa ba ta iya sha, ita kuwa fiya ƙasa mai ɗan tsami-tsami ta fi so. Shi ya sa ka koma sayen garin ƙarfe na musamman kana dama mata, kamar mai jego ana ba ta maganin ƙarin jini. Ruwan famfonku kuma gishiri gare shi, wani daga Kogin Gishirin, wani an jawo shi daga Kogin Kolorado ta wata magudanar siminti mai tsawon kilomita 540 da ta keta hamada, kogin da jihohi bakwai ke rabo kuma tun 2022 aka fara zaftare wa Arizona kasonta. In ka yayyafa kaɗan-kaɗan kullum, ruwan ya ƙafe ya bar gishirin a saiwa, bakin ganye ya ƙone. Sai dai a yi mata ban ruwa mai nisa, a bar tiyo yana tsiyaya awowi har ruwan ya nutsa ya tura gishirin ƙasa, sannan a bari sai an kwana biyu. Wannan dai ka iya, ban hana maka ba. Na ji ma har kana tsira wani dogon ƙarfe a ƙasa don ka ji inda laima ta tsaya. Da haka ka kula da karatun Alƙur'ani da yanzu kai ke ja mana tarawihi.

Hoton da ya fi ba Gwaggo tsoro shi ne wanda ka shafe jikin bishiyar da farin fenti, ka kafa sanduna huɗu ka lulluɓa mata mayafin raga, ka tara mata dusar katako a gindi. Ta ce, "Lalle aka sa ta, ko rasuwa aka yi?" Na ce a'a, ranar garin ce ke dafa ɓawon bishiya ta wajen yamma har ya tsage, shi ya sa ake sirka fenti da ruwa a shafa mata, a yi mata rumfa, masu dabara ma gabashin ɗaki suke dasawa don inuwar bango ta rufe ta daga azahar. Kai da yake ka fi kowa, yammacin gida ka kai ta, jikin katangar bulo, inda ko ƙadangare sai ya yi salati kafin ya taka.

Duk da haka ba rana ce ta fara kayar da ita ba. Wata bazara ka wayi gari ka ga kan rassa ya yi baƙi ƙirin kamar an bi shi da wutar kara, ya lanƙwashe kamar ƙugiya, ganyen ya bushe amma ya ƙi faɗuwa. Wata ƙwayar cuta ce da ke shiga ta fure, ƙudan zuma da yayyafi na ɗaukar ta daga wannan zuwa wancan, kuma a dangin fiya Bartlett na cikin waɗanda ta fi so. Maganinta a sare reshen can ƙasa da inda baƙin ya tsaya, kamar taƙi ɗaya ko fiye, a goge almakashin da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a kai shi wani reshe. Ka yi ta sara, ka yi ta sara, har baiwar Allah ta koma kamar turken jaki.

Sannan 2023 ta zo. Daga 30 ga Yuni zuwa 30 ga Yuli, kwana 31 a jere, ba ranar da zafi bai haura digiri 43 ba. Akwai daren da mafi sanyinsa digiri 36 ne. Saguwaro, dogayen nan masu ƙaya da ke ɗaga hannuwa sama kamar an ce musu "ɓarawo tsaya", waɗanda hamadar gidan ubansu ce kuma sukan yi shekara 150 a tsaye, har su sai da wasu suka zubar da hannu suka kife. 'Yan gari ke nan. Ina ga baƙuwa 'yar Ingila? Ka kira ni muryarka na rawa ka ce ta tafi. Wallahi na yi niyyar dariya, sai na ji ba ta fito ba. Na bari sai da ka kashe wayar.

To, a nan zan sassauta maka, amma kaɗan. Mutum mai hankali da ya tsaya nan, ya share wurin ya shimfiɗa tabarma. Kai ashe tun kafin uwargida ta cika ka riga ka ajiye amarya a gabashin ɗaki, kuma wannan karon ka yi tambaya. Ka dasa ta a watan Janairu tana barci, saiwa tsirara ba ƙasa, yadda masu lambun garin ke yi. Sunanta na wani manomi ne, Peter Kieffer, wanda ta fito a gonarsa kusa da Filadelfiya a ƙarni na 19, ruwa biyu ce tsakanin fiyar Turai da wata ta ƙasar Sin da ake kira fiyar yashi. Awa 400 na sanyi ta ishe ta har da canji, ciwon baƙin reshe bai cika kama ta ba, zafi kuma tana cije masa. A bakinmu dai sunan Kifa yake fita, kuma ni ban taɓa jin sunan da ya dace da mai shi haka ba, don ta kifa maka aljihu, ta kifa maka hutun ƙarshen mako, saura kaɗan ta kifa ka daga kan tsani. Amma ta tsallake 2023 da ƙonannun kunnuwa, ta kuma tsallake 2024, shekarar da kuka yi kwana 113 a jere kullum zafin rana sai ya kai kusan digiri 38 ko fiye. Jaruma ce. Ban san inda ta samo miji irinka ba.

Ga inda nake so ka gyara zama. Ita fiya, kamar mangwaron lambu, da aurenta take zuwa, an ɗaura reshen wata a kan saiwar wata. Wannan aure na ɗaya ke nan. Bayan haka kuma yawancinsu ba sa haihuwar kirki sai an dasa musu wata irin daban a kusa wadda suke fure lokaci guda, ƙudan zuma ya kwashi garin furen wannan ya kai wa waccan. Kifa takan ɗan taɓa ko ita kaɗai, amma sai ta ga abokiyar zama take zage damtse, halin dai da muka sani. Ka je ka kawo mata wata mai suna Orient. Sai kuma aka ce maka ruwan furen fiya ba shi da zaƙi sosai, ƙudan zuma in ya ga furen lemo a maƙwabta ba ya waiwayar ta. Me za ka yi? Ka sayi ɗan buroshin masu zane, ka hau tsani da sassafe, kana shafar wannan fure kana kai wa wancan, ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan Gwaggo. Tuzurun Arizona. Shekararka arba'in ba ɗaya. An nuna maka 'yar Kawu ta Haɗeja ka ce karatu, an nuna maka malamar asibitin nan ka ce sai ka samu takardar zama, ka samu takardar ka ce sai ka sayi gida, ka sayi gidan ka ce sai lambu ya kama. Goron tambaya ko ƙwaya ɗaya ba a taɓa kai maka ba. Amma ga ka bisa tsani kana dalilin aure tsakanin itace da itace, har da rakiyar amarya. Bishiya a gidanka ta yi aure biyu ta samu kishiya ta haihu, mai gidan yana dafa indomi a tsaye.

Na san abin da za ka ce, 'ya'yan ai sun fi bakwai da farko. Na sani, ashirin da uku ne, kullum sai ka ba ni lissafi kamar mai ajiya a banki. Guguwar ƙurar nan taku ta zo a watan Agusta, katangar ƙasa tun daga ƙasa har sama, ta kakkaɓe tara. Har kana yi mini burga wai sunanta habub, kamar wani sabon abu. Kalmar ma daga Sudan suka aro ta, Larabci ce, kuma mu da muka tashi muna kwashe shanya in jan hadari ya taso daga gabas ba sai an fassara mana ba. A cikin sauran kuma tsuntsaye suka yi walima. Da ka turo hoton ɓarayin na yi dariya har da hawaye: 'yan ƙananan aku kore masu jan fuska, waɗanda asalinsu Namibiya da Angola ne, aka kai su Amurka a keji, suka tsere tun wajen shekarun 1980 suka mayar da Finiks gida, suna ta hayayyafa. Ka gani? 'Yan Afirka 'yan'uwanka, sun zo baƙi kamar kai, sun yi aure, sun cika gari da 'ya'ya, yanzu har suna cin amfanin gonarka. Shuka a idon makwarwa ake faɗa, kai ka yi a idon aku. Shi ya sa bakwai ɗin da suka rage kowace ka ɗaura mata 'yar jakar raga, sai ka ce layu.

Abin da ke ba ni haushi, in ban da ina son ka, shi ne hamadar nan ba rowa gare ta ba. A 1927 wani masanin tsirrai, Walter Swingle, ya ɗauko 'ya'yan gindin dabino goma sha ɗaya daga Maroko, irin majhul, aka killace su a Nebada, tara suka rayu. Jikokinsu ne yau suka cika gonakin Yuma, nan cikin jiharku, manya-manya kamar babban yatsa, har ƙasashen waje ake kai su. Dabino, Ɗan Gwaggo. Abin da ke tsaye a Dutse yana kallonka tun kana zuwa da gajeren wando. Rumman na yi a garinku, ɓaure na yi, lemo har zubewa yake a titi, akwai magaryar Sin mai 'ya'ya kamar ƙwan zabo wadda zafi ko a jikinta, zogale kuwa in ka soka sanda ka juya baya sai ya fi ka tsawo. Da zogale ka shuka da yanzu kana kwaɗo da ƙuli, da wataƙila ƙamshin ya jawo maka mata.

Amma na san ka. Kai ne yaron da ya binne alewar minti a bayan ɗakin Kaka, yana zuba mata ruwa da murfin buta har kwana tara, ni kuma na tone ta tun daren farko na shanye, ina zuwa ina taya ka duba ko ta tsiro. Yau na faɗa, ka yafe ko kar ka yafe. Kuma kai kaɗai ne a cikinmu kake zama wajen Kaka in yana yi wa 'yan dashensa shingen ƙaya, kana miƙa masa igiya, mu muna can muna harbin ƙadangaru. Tsamiyar nan ta ƙofar gida da muke sheƙe aya a ƙarƙashinta, shi bai sha inuwarta ba. Ranar da na ga hotonka kan tsani da buroshi, bayan na gama dariya, sai na ga kamar tsayuwarsa, yadda yake karkata kai gefe in yana duba ganye. Na rufe wayar na ɗan jima. Kada ka kumbura, kunnuwan ne kawai iri ɗaya.

Kuma kafin ka tona ni, gara na tona kaina. E, gobar da na dasa a tsakar gida akuya ta cinye. Sau uku. Akuya ɗaya. Ta ukun ma ina zaune a wurin ina karanta jarida. Laifi tudu ne, na sani, amma ni aƙalla ban sayi ƙanƙara ba.

Yanzu saura girbi, kuma ina roƙonka kada ka ba mu kunya a nan. Ita fiya ba a barinta ta nuna a bishiya, daga ciki take fara nuna, kafin waje ya yi laushi ciki ya zama kunu. Tallabo ta za ka yi ka ɗaga sama, in marikin ya ɓalle da kansa ta isa. Sannan ka sa ta a firji ta kwana biyu, ka fito da ita ka ajiye a ɗaki har wuyanta ya fara amsa yatsa. Uwa ta nemi sanyi, 'ya ma sai an ba ta sanyi, gidan duk 'yan hutu ne. Bayan duk wannan, Kifa dai Kifa ce: tauri kamar ƙwallon goruba, ga tsakuwa-tsakuwa a baki, gadon kakarta fiyar yashi. Su kansu Amurkawan dafa ta suke yi da sukari su zuba a kwalba. Tun muna yara ake ce mana mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, ban taɓa zaton a danginmu za a samu wanda zai gwada da tukunya ba.

Gwaggo ta ba ni saƙo uku. Na ɗaya, wai ganyen yana miya? Na ce a'a. Ta ce to a gaishe ta. Na biyu, wai bargon nan da rigunan sanyi in ba ka amfani da su ka bayar a kawo, jaura ta kusa. Na uku ba zan rubuta a jarida ba, amma ya shafi malamar asibiti, kuma har yanzu ba ta yi aure ba.

Nawa saƙon ɗaya ne. Cika-ciki uku ke nan ban ga kuɗin shara ba, kullum sai ka ce hidimar lambu. To lambu ya haihu. A cikin bakwai ɗin nan biyu nawa ne, ladan sauraron kukanka da biyun dare, amma na yafe maka su, haƙorana ba na aro ba ne. Ka kimanta su da dala, ka haɗa da kuɗin ƙanƙarar da ka zubar, ka turo kafin Juma'a. In ka ƙi, hoton hula mai kunnuwa yana nan a wayata, kuma na samu lambar malamar.